WANDA YA FAƊO DAGA SAMA: TARIHIN MASU NEMAN MAFAKA DA MASU BA DA ITA A LOKACIN YAƘI



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Majiɓincin wanda ba shi da majiɓinci. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. Bayan haka:

Shimfiɗa

A ranar 18 ga watan Yuli, 2021, wani jirgin yaƙin sojojin saman Nijeriya ƙirar Alpha Jet yana kan hanyar komawa sansani bayan ya kai farmaki a dazukan da ke tsakanin jihohin Zamfara da Kaduna, sai 'yan bindiga suka buɗe masa wuta suka kakkaɓo shi. Matuƙin jirgin, Abayomi Dairo, ya samu ya fice da laimar sauka kafin jirgin ya tarwatse. Sanarwar da rundunar ta fitar ta nuna cewa 'yan bindigar sun bi sawunsa, shi kuwa ya fake a ƙauyukan da ke kusa har rana ta faɗi, sannan ya yi amfani da wayarsa wajen gane hanya cikin duhu, har Allah Ya kai shi wurin sojojin ƙasa. Jaridu sun yaba wa jarumtarsa, kuma ya cancanci yabo. Sai dai abin da ya kamata mai hankali ya tsaya a kansa shi ne halin ƙauyawan da ya ratsa ta cikinsu, domin kuwa shi ya koma ga iyalinsa, su kuwa gari ya waye musu ne a wuri ɗaya da waɗanda suke farautarsa.

Wannan lamari ba sabo ba ne a tarihi. A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu ke kira yaƙin Hitila, dubban mutane sun faɗo daga sama a ƙasashen da abokan gaba suka mamaye, kuma rayuwarsu ta rataya ne a kan talakan da suka fara ƙwanƙwasa wa ƙofa. A wannan maƙala za mu bibiyi tarihin, mu ga inda ya shafi ƙasarmu da 'yan'uwanmu Musulmi, sannan mu ɗora shi a kan mizanin shari'a.

Kano a kan hanyar yaƙin

Da yawa daga cikin matasanmu sun ɗauka wancan yaƙi abin Turawa ne da aka yi shi can nesa. To, ba haka abin yake ba. Bayan Faransa ta faɗi a hannun Jamus a watan Yuni 1940, Italiya kuma ta shiga yaƙin, sai hanyar Bahar Rum ta zama mai haɗari ga Ingila. Saboda haka aka riƙa kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar Ghana ta yau, a harhaɗa su a can, sannan su taso su yada zango a Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy, wato Njamena ta yau, su bi ta Darfur da Khartum har su isa Masar. An fara wannan jigila a watan Satumba 1940, kuma cikin shekara uku jirage fiye da 5,000 suka bi ta wannan hanya. A daidai lokacin, Maraɗi da Damagaram suna ƙarƙashin gwamnatin Vichy ta Faransa, wadda ta sallama wa Jamus, kuma haka abin ya ci gaba har zuwa watan Nuwamba 1942. Ashe ke nan iyakar da ke tsakanin Katsina da Maraɗi, wadda ta raba 'yan'uwa masu harshe ɗaya da addini ɗaya, ta zama iyaka tsakanin ɓangarori biyu da ba sa ga maciji, kuma matuƙin da ya kauce hanya ya sauka a wancan gefe, tsarewa ce ke jiransa.

Hanyoyin tsira a Turai

A can Turai kuwa, rundunar jiragen Ingila masu jefa bama-bamai ta yi amfani da mutum kimanin 125,000 a tsawon yaƙin, kuma 55,573 daga cikinsu sun mutu, kusan 10,000 kuma an kama su fursunonin yaƙi. Jirgi ƙirar Lancaster yakan ɗauki mutum bakwai, mafi yawansu samari 'yan shekara ashirin da kaɗan. Idan aka harbi jirgin cikin dare, wanda ya yi sa'ar fita da laima sai ya tsinci kansa a gonar wani a Beljiyam ko Holan ko Faransa, ba ya jin harshen mutanen, sanye da kakin da ke tona masa asiri. Tun a watan Disamba 1939 Ingila ta kafa wani ofishi na sirri mai suna MI9, wanda ke ba su taswirar da aka buga a ƙyallen siliki don kada ta yi ƙara ko ruwa ya lalata ta, da ɗan ƙaramin kamfas da aka ɓoye a cikin maɓallin riga, da kuɗin ƙasar da za su ratsa. Amma duk waɗannan ba su isa su fitar da mutum ba sai da taimakon mutanen gari.

Mafi shahara daga cikin hanyoyin da aka kafa don wannan aiki ita ce wadda ake kira Comète, wadda wata budurwa 'yar Beljiyam mai suna Andrée de Jongh ta assasa a 1941 tana da shekara 24. Sukan ɗauko mutum daga Brussels, su canza masa sutura, su yi masa takardun bogi, su raka shi a jirgin ƙasa zuwa Paris, daga nan zuwa kudancin Faransa, sannan a ƙetare duwatsun Pyrenees da ƙafa cikin dare zuwa Sifaniya, har ya isa Gibraltar. Wannan hanya ita kaɗai ta fitar da mutum kusan 800, kuma jimillar sojojin saman Ingila da Amurka da ƙawayensu da suka kuɓuta daga kamu a Yammacin Turai ta haura 5,000.

A nan ne nake so mai karatu ya lura da wani abu. Sojan da aka kama da kakinsa, yarjejeniyar Geneva ta 1929 ta ba shi kariya, galibi sansanin fursunoni za a kai shi ya jira ƙarshen yaƙi. Wanda ya ɓoye shi kuwa ba shi da wata kariya. A watan Satumba 1941 hukumar sojan Jamus a Faransa ta shelanta cewa duk namijin da ya taimaki irin waɗannan mutane harbe shi za a yi, mace kuma a tura ta sansanin gwale-gwale a Jamus. An kama Andrée de Jongh a watan Janairu 1943 aka kai ta sansanin Ravensbrück, an harbe mahaifinta a 1944, kuma ɗaruruwan abokan aikinta aka kama, da yawa ba su dawo ba. Ita Allah Ya nufe ta da sauran kwana, bayan yaƙin ta tafi Afirka tana jinyar kutare a Kongo da Habasha, ta rasu a 2007. A taƙaice dai, wanda ya buɗe ƙofa ya fi wanda ya ƙwanƙwasa ta shiga haɗari.

Bafulatanin Futa Jalo a dazukan Faransa

Cikin waɗanda suka ɗauki wannan kasada har da Musulmin Afirka ta Yamma. Mamadu Hadi Ba, wanda Faransawa suka fi sani da Addi Bâ, Bafulatani ne da aka haifa a Futa Jalo ta ƙasar Gini a 1916. Ya je Faransa yana saurayi, ya shiga soja a 1939, Jamusawa suka kama shi a watan Yuni 1940, amma ya tsere ya shiga dazukan yankin Vosges, daga bisani ya zauna a wani ƙauye mai suna Tollaincourt, inda aka san shi da riƙo da addininsa. Baƙar fata a ƙauyen Turawa ba ya ɓoyuwa, amma duk da haka ya shiga aikin tsallakar da 'yan'uwansa sojojin Afirka da suka gudo zuwa Suwizalan. Har wa yau, yana cikin waɗanda suka taimaki wani sojan saman Ingila mai suna Lawrence Horne, wanda aka harbo jirginsu a ƙarshen 1942, har ya kai ga tudun mun tsira.

A watan Maris 1943 shi da abokinsa Marcel Arburger suka kafa maɓoya a daji domin samarin da suka ƙi tafiya aikin tilas a Jamus. A watan Yuli na shekarar aka kama shi, aka gana masa azaba don ya faɗi sunayen abokan aikinsa, amma bai buɗe baki ba. An harbe su su biyun a garin Épinal ranar 18 ga watan Disamba, 1943. Abin takaici, sai a 2003, bayan shekara 60, sannan Faransa ta ba shi lambar girmamawa ta 'yan gwagwarmaya.

Daga Zariya zuwa bakin kogin Kaladan

Mu dawo gida. Duk mazaunin Zariya ya san barikin Chindit, inda makarantar horas da kuratan sojoji take, wadda aka kafa tun 1924. Amma matasa nawa ne suka san asalin sunan? Chindit suna ne na wata runduna ta musamman da Janar Orde Wingate ya kafa, wadda aikinta shi ne yaƙi a bayan layin sojojin Japan a ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau. A 1944 an ɗauki bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 ta sojojin Nijeriya a jiragen sama aka sauke su a tsakiyar dajin da Japan ke iko da shi. Gaba ɗaya, sojojin Afirka ta Yamma kimanin 90,000 ne suka je wancan fagen a runduna ta 81 da ta 82, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya, kuma Hausa ita ce harshen bariki a tsakanin sojojin Nijeriya. Sunayen barikokin Dalet da Kalapanzin a Kaduna, da Dodan da Arakan a Legas, duk daga can aka samo su.

A cikin runduna ta 81 akwai wani yaro mai suna Isaac Fadoyebo daga wani ƙauye kusa da Owo, wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 16, aka sa shi a sashen jinya. Da safiyar 2 ga watan Maris, 1944, sojojin Japan suka yi wa ayarinsu kwanton ɓauna a bakin kogin Kaladan a yankin Arakan. An kashe da yawa, shi kuma harsashi ya farfasa masa ƙashin cinya, aka bar shi a kan ya mutu. Allah Ya haɗa shi da wani ɗan Saliyo mai suna David Kagbo, shi ma da rauni. Mutanen ƙauyen da ke kusa Musulmi ne, manoman shinkafa, talakawa tilis. Su suka riƙa kai musu abinci da ruwa a ɓoye a cikin daji, daga baya wani manomi mai suna Shuyiman ya ɗauke su ya kai su cikin gidansa, alhali sojojin Japan suna sintiri a yankin, kuma ya san abin da zai same shi da iyalinsa idan asiri ya tonu. Sun yi kimanin wata tara a ɓoye kafin a ceto su a watan Disamba 1944.

Fadoyebo ya dawo Nijeriya da gurguwar ƙafa, ya rubuta labarinsa, kuma a 2011 wani ɗan jaridar Aljazeera mai suna Barnaby Phillips ya nemo ƙauyen, ya miƙa wa 'ya'yan Shuyiman wasiƙar godiya daga gare shi, domin shi Shuyiman ya daɗe da rasuwa. Fadoyebo ya mutu a 2012. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Sai dai abin da ke sosa zuciya shi ne, Musulmin wannan yanki na Arakan, waɗanda duniya ta sani da Rohingya, su ne a 2017 fiye da mutum 700,000 daga cikinsu suka tsere zuwa Bangaladash suna neman wanda zai buɗe musu ƙofa.

Akwai wani ɓangare na labarin da bai kamata a ɓoye ba. Su biyun Kiristoci ne, amma saboda tsoro sai suka nuna wa ƙauyawan cewa su Musulmi ne, ɗaya ya kira kansa Sulaiman, ɗaya Dauda Ali. Wani zai iya cewa: ashe don an zaci 'yan'uwa ne a addini shi ya sa aka taimake su. To, mu tambayi shari'a, shin ta sanya Musulunci ya zama sharaɗin ba da mafaka?

A kan mizanin shari'a

Amsa ita ce a'a. Aya ta 6 a cikin Suratut Tauba ta sauka ne a kan mushriki, kuma a yanayin yaƙi, ta umarci Manzon Allah (SAW) da ya ba shi mafaka idan ya nema, ya ji maganar Allah, sannan a raka shi har wurin da zai aminta. A ranar buɗe Makka, Ummu Hani 'yar Abu Ɗalib (RA) ta ba wasu dangin mijinta mafaka alhali ɗan'uwanta Aliyu (RA) yana nufin kashe su, da ta kai maganar gaban Annabi (SAW) sai ya zartar da mafakar da ta bayar. Haka 'yarsa Zainab (RA) ta yi wa Abul Asi ɗan Rabi'u a Madina tun bai musulunta ba. A kan haka ne malaman fiƙihu suka gina babin amana, kuma duk wanda ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani a zaure zai tuna cewa a babin jihadi an tabbatar da ingancin amanar da mafi ƙanƙantar Musulmi ya bayar, har da mace, har da yaron da ya san ma'anarta, ko da yake an kawo ƙaulin da ya rataya hakan ga amincewar shugaba.

Bugu da ƙari, shi kansa Manzon Allah (SAW) ya ɗanɗani wannan hali. Da ya dawo daga Ɗa'ifa, a ƙarƙashin kariyar Muɗ'imu ɗan Adiyyu ya shiga Makka, shi kuwa Muɗ'imu mushriki ne, kuma Annabi (SAW) bai manta masa da wannan alheri ba har bayan yaƙin Badar. A lokacin hijira kuma, Ƙuraishawa sun sa ladan raƙumi 100. Kwana uku a kogon Saur, Abdullahi ɗan Abubakar yana kawo labari, Asma'u tana shirya guzuri, Amiru ɗan Fuhaira yana koro tumaki suna shafe sawu, ɗan jagora kuwa, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, yana kan addinin mutanensa amma ya riƙe amana. Wannan al'umma ta san darajar mai ba da mafaka tun daga ranarta ta farko.

Tambaya mai nauyi

Saura tambayar da ta fi wuya. Wanda ya faɗo daga jirgin nan, ai bam ya zo jefawa. A ƙarshen watan Yuli 1943, ruwan bama-baman da aka yi wa birnin Hamburg ya kashe mutum kusan 40,000, mafi yawansu fararen hula. Mu ma a nan mun san wannan ɗaci, domin ba mu manta da Tudun Biri a ƙaramar hukumar Igabi ba, inda a daren 3 ga watan Disamba, 2023, jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam a kan masu taron Mauludi, mutum aƙalla 85 suka rasu, rundunar kuma ta amsa cewa kuskure ne. Wanda ya binne ɗansa, wa zai ce masa kada ya yi fushi?

Fushi halal ne, neman haƙƙi kuma wajibi ne, amma tarihi ya nuna inda ɗaukar doka a hannu ke kai mutane. A ranar 26 ga watan Agusta, 1944, a garin Rüsselsheim na Jamus, jama'a suka far wa wasu sojojin saman Amurka da ake wucewa da su a kame, suka kashe shida da duwatsu da sanduna da harsashi, don ramuwar harin da aka kai wa garin a daren jiya. Alhali jiragen Ingila ne suka kai harin, su waɗannan an kama su ne tun kwana biyu kafin nan a wani wuri dabam. Haka taron fushi yake, ba ya bincike. A ƙarshen watan Maris 2025 mun ga irinsa a Uromi ta jihar Edo, inda aka kashe matafiya 16 'yan Arewa a kan zato.

Shari'a ta raba tsakanin mayaƙi a fagen fama da wanda ya zama kamamme. Da zarar ya shiga hannu, hukuncinsa na shugaba ne da alƙali, kuma kafin nan yana da haƙƙin ci da sha. Aya ta 8 a Suratul Insan ta jera kamamme tare da miskini da maraya cikin waɗanda mutanen kirki ke ciyarwa, kuma Abu Azizu ɗan Umairu, wanda aka kama a Badar, ya ba da labarin yadda Ansar suke ba shi gurasa su kuma su ci dabino. Saboda haka, lokacin da ƙungiyar Da'ish ta ƙona matuƙin jirgin Jodan, Mu'azu Alkasasiba, ta kuma watsa hoton a intanet a watan Fabrairu 2015, malaman duniyar Musulmi sun yi tir da aikin, domin hadisi ya hana yin azaba da wuta, ya kuma hana wulaƙanta gawa. Ɗan'uwa matashi, idan irin wannan hoto ya iso wayarka da sunan jihadi, ka auna shi da abin da Ansar suka yi, sannan ka yi wa kanka hukunci.

Wajibi ne kuma a yi iyaka a ɗaya gefen. Ba da mafaka ga wanda ake farauta bisa zalunci dabam, ɓoye mai laifi don kada hukunci ya hau kansa dabam. Hadisi ingantacce ya la'anci wanda ya ba mai ɓarna mafaka. Don haka mai kai wa 'yan bindiga abinci da man fetur da labarin maƙwabtansa don abin duniya, ba shi da rabo a cikin wannan falala.

Kammalawa

Kada mai karatu ya zaci irin su Shuyiman sun ƙare. A ranar 23 ga watan Yuni, 2018, lokacin da aka kai hari a ƙauyukan Barikin Ladi ta jihar Filato, limamin ƙauyen Nghar, Malam Abubakar Abdullahi, ya shigar da mutum 262, mafi yawansu Kiristoci, cikin masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi miƙa su ga maharan. Ya san ko su wane ne, ba su canza suna ba, kuma bai tambaye su addininsu ba kafin ya buɗe ƙofa.

Mu da muke zaune a Tudun Wada da Sabon Gari da sauran unguwannin da Allah Ya tara ƙabilu da addinai, mun san cewa rikici ba ya sallama kafin ya shigo. Wanda bai yanke wa kansa shawara tun ana zaman lafiya ba, da wuya ya iya yanke ta a ranar da ake gudu. Ya kamata mu karantar da wannan babi na amana a Islamiyyoyinmu kamar yadda muke karantar da tsarki da salla, mu kuma sanar da yaranmu sunayen waɗannan bayin Allah.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya jiƙan Musulmin da suka riga mu gidan gaskiya, Ya kawo wa 'yan'uwanmu da aka raba da gidajensu mafita, Ya kuma ba mu ƙarfin zuciyar riƙe amana a ranar da riƙe ta ke da tsada. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.